Harafin da Ya Mayar da Babana Gida

Kwamfutar da na ci abinci da ita a Arlit ta hannu ce. Wani ɗan kasuwa ya hauro da ita daga Kano cikin kayan wayoyi, wani mai gyara a bayan tasha ya cire mata maɓallan Ingilishi ya sa mata na Faransanci, irin waɗanda muka koya a makaranta, ya ce min ta zama ƴar Nijar. Ta yi min aiki lafiya lau, har lokacin da masu tsarin da ke tafiyar da ita suka aiko da wani gyara ta intanet, gyaran da ba wanda ya roƙe su. Daga ranar ta tsiri wata ɗabi'a. In na rufe murfinta ta yi barci, wani lokaci sai ta farka tana tsammanin har yanzu maɓallan Ingilishi ne a jikinta. Ka danna A, Q ta fito. Ka danna Q, A ta fito. W da Z su yi musanyar wuri, M kuwa ta ɓace ɓat, wata ƴar alama ta tsaya a madadinta. Sauran haruffan suna nan daram, lambobi ma suna fita. Kuma ba kullum take yi ba, sai ranar da ta ga dama.

Mai buga Faransanci zai iya lallaɓa rabin layi kafin ya farga. Mai buga Hausa ba ya zuwa ko'ina, don harshenmu ba ya taku biyu bai taka A ba. Ka nufi rubuta baba, ka ɗaga kai ka ga bqbq.

Maganin bai taka kara ya karya ba. Akwai maɓallai biyu a ƙasa ta hannun hagu, in ka danna su tare sai ta dawo hayyacinta. Yatsuna suka saba da haka har ba na sanin na yi, kamar yadda mace ke gyara ɗankwali tana cikin magana. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin labarin da ake kaiwa cikin gida ba.

Ni ce ƴar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san mutanen Damagaram ya san abin da wannan ke nufi. Tun daga yaye aka kai ni wurin kakata a ƙauye, can na girma, iyayena suna nan arewa inda Baba ke aikin ramin ma'adini. Baba bai taɓa faɗin sunana ba. Inna ma haka. In yana da magana da ni, sai ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa iska cewa a gaya wa mutanen gidan nan su rage yawo cikin rana, ni ce kuma mutanen gidan nan. In maganar ta yi nauyi sai ta bi ta bakin ƙanena. Ba ƙiyayya ba ce, na san wannan tun ina ƙarama, don takalmin sallata ya fi na kowa kyau. Kunya ce, kuma a wurinsu kunyar ita ce son. Amma ina faɗa a fili, ni ban taɓa jin daɗinta ba.

Da aurena ya mutu na tattaro na zo Arlit, karo na farko da na zauna ƙarƙashin rufi ɗaya da mahaifina ba don hutun makaranta ba. Ƙanena ya riga ya tafi karatu Yamai, wato gadar da ke tsakaninmu ta tafi. Baba bai ce min komai ba, sai kawai na wayi gari na ga an share zauren gidan, an ja waya daga ciki an kafa wurin jona wuta, an ajiye tebur da kujera. Nan na buɗe wurin buga takardu. Da safe ina zauren, ina buga wa mutane takardun neman aiki da na ƙungiyoyi da katin biki. Bayan azahar ina tafiya wata cibiya ina koya wa ƴan mata bugu, in dawo gab da magariba. Kwamfutar ba na kashe ta, murfin kawai nake rufewa.

Baba makanike ne na manyan injuna. Ƙuruciyarsa duk a ƙarƙashin ƙasa ta ƙare, a Akokan, har aka rufe ramin aka sallame su. Mutum ne da ya yi imani da inji. Maganarsa kullum ita ce inji ba ya ƙarya, mai riƙe da shi ne ke yi. Bayan sallamar ya gyara duk abin da ke gidan har da wanda bai lalace ba, ya kwance fanka ya ɗaure, ya kwance keken ɗinkin Inna ya ɗaure, daga nan ya rasa abin yi. Sai zama a ƙofar gida da sauran sallamammu, ana shayi ana lissafin ranar da za a buɗe sabon ramin Imouraren. A garin nan jira sana'a ce. Ana jiran a gyara hanyar Agadas, ana jiran ruwa ya zo famfo, ana jiran wuta ta dawo.

Yana da aboki guda, Ba'abzine daga wajen Gougaram, wanda suka yi aiki tare shekara da shekaru, yanzu ya koma noman lambu. Kawu nake ce masa. Shi bai san wata kunyar ƴar fari ba, yana shigowa zaure ya zauna ya tsokane ni, kuma har yau bai taɓa ce min ke ba, kai yake ce min, kamar yadda yake ce wa matarsa da akuyarsa. Shi ya kawo wa Baba labarin cewa wani ɗan kwangila mai manyan motoci yana neman mai kula da ɗakin kayan gyara, dattijo wanda ya san ƙarfe, wanda ba za a sayar masa da jabu ba. Aikin kamar don Baba aka yanka shi. Sharaɗi ɗaya ne, dole ya iya shigar da sunayen kaya a kwamfuta, kuma za a gwada shi bayan ƙaramar sallah. Ni duk wannan ban sani ba a lokacin.

Abin da na sani shi ne fama da muke yi, mu masu bugu. Muna da zaure a waya, sakatarorin makarantu da na asibiti da masu shaguna irina, kuma tun kafin azumi ba mu da hira sai ta wannan cuta. Wata ta ce ta goge Ingilishin gaba ɗaya daga cikin injin, washegari ya dawo da kansa kamar ƙaiƙayi. Wani ya ce a daina rufe murfi, to a zafin Arlit wa zai bar inji a kunne tun safe, ga ƙasa tana shiga ko'ina? Wani malamin makaranta ya buga jarrabawa guda da Q a ko'ina, ya kai aka buga kofe, sai a aji yara suka nuna masa. Mai gyaran bayan tasha, wanda ke karanta labaran waɗannan abubuwa, ya ce masu tsarin sun amsa laifinsu, sun ce gyara na tafe a sabuntawa ta gaba. Mizajur muke ce mata, da Faransancinmu. Kowa ka tambaya sai ya ce a jira mizajur.

Kawu ne ya ji kalmar a bakina wata rana ina faɗa da waya. Ya tambaye ni wane ne wannan da nake ta jira. Na maimaita masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce ai wannan Hausa ce, maza jure ake cewa, kuma shi tun da ya zo garin nan ita ake gaya masa. Na ce to mata fa? Ya ce mata ai ba sai an gaya musu ba. Na kai wa zaurenmu na waya, sunan ya bi ta. Da ya tambaye ni me ya lalace, da na faɗa masa a numfashi ɗaya, da kuma ya kai wa abokinsa kafin shayi ya huce. Bai tambaya ba, shi dariyar ta ishe shi.

Abin da zan faɗa yanzu ban gani da idona ba. Daga baya Inna da Kawu suka haɗa min shi, kowa da guntun da ke hannunsa.

Ashe in na fita bayan azahar, Baba yana shiga zauren ya tura ƙofa. Ya daɗe yana satar kallon hannuna in zai wuce, ya ga yadda nake ɗaga murfi, ya ga inda nake taɓawa farar takarda ta fito. Ya yi firamare, yana karanta Faransanci, ya yi shekaru yana rubuta rahoton gyara da biro. Ya ɗauka abin da ya rage masa kawai ya san gidan kowane harafi. Tambayata kuwa ba ta cikin lissafi. Uba ya zauna gaban ƴar farinsa ta riƙe masa yatsa? Ko Inna da ta gane abin da yake yi ba ta iya kawo min maganar ba, ita ma ai kunyar ta ɗaure ta.

Ranar farko, in ji Inna, ya fito da fara'a. Injin ya tashi lafiya, ya rubuta sunayen kayan aiki da yatsa ɗaya, komai ya fita daidai. Rana ta biyu ya danna A ya ga Q. A maɓallanmu A tana saman Q ne, maƙwabtan juna, sai ya ce yatsansa ne ya zame, yatsan makanike mai kauri. Ya sake a hankali, ya sa tabarau, ya sake. Q. Ya ɗauka ya ɓata wa ƴarsa abin neman abincinta. Ya rufe ya fita, ya zauna a ƙofar gida yana jiran in dawo in yi kuka. Na dawo, na ɗaga murfi, yatsuna suka yi abin da suka saba, na hau bugu ina ƴar waƙata. Ya wuce ta bayana ya ga Hausa tana zuba tsaf.

Baba ba wawa ba ne, makanike ne. Da abin ya sake faruwa sai ya bi shi kamar yadda yake bin inji, harafi bayan harafi, ya gano cewa A tana gidan Q, W tana gidan Z. Ya ce wataƙila ƙa'idar abin ke nan, masu ilimin sun sani ba su rubuta a jiki ba. Ya haddace. Washegari ya shigo da shirinsa, ya danna Q yana jiran A, sai Q ta fito, don ranar injin ya farka lafiya. Haka suka yi ta yi duk tsawon azumi, da bakin ƙishirwa, cikin zafin da ko kuda ba ya tashi. Abin da ya tabbatar jiya, yau ya zama ƙarya. Gobe kuma ya koma gaskiya.

To mutumin da ya yarda inji ba ya ƙarya, wa ya rage masa ya zarga? Kakana, mahaifinsa, ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa. Ni na gani, a gidan na girma. Yakan fita masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa, yakan kira ƴaƴansa da sunayen ƴan'uwansa da suka daɗe da rasuwa, har ta kai ana sa masa ido kamar yaro mai rarrafe. Baba ya ga wannan, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamarsa. Ya gaya wa Kawu, shi kaɗai, a cikin lambu, cewa abin tsohonsu ya fara taɓa shi. Ya ce yana ganin harafi da idonsa, yana sa hannu a kai, wani ne ke fitowa, kuma abin da ya koya jiya yau ba ya nan. Kawu ya ce ya je likita, ko ya tambayi yaron nan na zaure, wato ni. Baba ya sa shi ya rantse ba zai faɗa ba.

Ni abin da na gani daga waje kaɗan ne. Na ga kujerata tana matsawa baya fiye da inda na bar ta, na ce Inna ce wurin shara. Na ga Baba ya rage magana, yana tambayar Inna ranar mako sau biyu don ya gwada kansa, yana tsayawa ya daɗe yana kallon makullin da ke hannunsa. Na ce azumi ne da zaman banza. Na sayo masa dabino mai kyau na ba Inna ta ba shi. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma har yau in na tuna sai takaici ya kama ni, dabino fa, ga mutumin da maɓallai biyu za su warkar.

Bayan sallah bai je gwajin ba. Ya aika wa ɗan kwangilar cewa idonsa ba ya gani sosai, aka ba wani saurayi aikin. Ba a jima ba ya tsaya a tsakar gida ya sanar da iska cewa shi da Inna za su koma Damagaram, gara mutum ya koma gida tun yana gane hanya. Mutanen gidan nan kuwa, tunda suna da sana'a, su zauna su riƙe gidan. Na bi Inna ɗaki na tambaye ta me ya faru, ta ce ai kowane baƙo da ranar komawarsa. Ya aika wa ƙannensa suka gyara masa ɗaki, suka ware masa gona. Ya raba kayan aikinsa, spana da su guduma da ya tara tun yana saurayi, ya ba yaran gareji. Ranar da na ga akwatin ƙarfen nan ya fita daga gidan a kan amalanke na shiga zaure na yi kuka, ban ma san dalilin tafiyar ba. Na dai san na samu uba a kusa da ni a makare, ga shi kuma zai tafi.

Mizajur ta iso ana jibi za su tashi. Manyan kaya sun riga sun bi babbar mota. Saukar da ita ma sai da ta ba ni wuya, ta kai rabi rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke, ta sake farawa wuta ta ɗauke, sai da na kai injin wurin mai gyara ya ƙarasa min. Na dawo da la'asar, na rufe murfi na buɗe, na rufe na buɗe, A tana nan a gidanta. Don murna na kira wata abokiyar aikina, na fito bakin zaure ta cikin gida inda rezo ya fi kamawa, ina magana da ƙarfi kamar yadda na saba. Na ce mata ta je ta sauke, an gyara, yau dai na huta da A mai zama Q, na huta da injin da ke farkawa da wani harshe.

Baba yana zaune a kan tabarma yana ɗaure wani kwali da igiya. Na ga hannunsa ya tsaya. Da na kashe wayar sai ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da ban saba ba.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Harafin nan. Ke ma yana juya miki?"

Ban gane tambayar ba tukuna, na amsa da sauƙi. Na ce kowa ma yana yi wa, duk garin nan, har Yamai, ciwon injin ne, tun kafin azumi muke fama.

"Wata rana ya yi, wata rana bai yi ba?"

"Haka ne, Baba. Sai ya ga dama."

Kalmar "ma" ɗin nan ce ta dawo min. Ke ma. Na dubi kujerata ta ƙofar zaure, na dubi Inna da ta fito daga madafa ta tsaya riƙe da ludayi ta sunkuyar da kai, sai na gane wanda ke zama a kujerar nan in na fita. Baba ya saki igiyar. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya sake cewa, sannan ya yi wata ƴar dariya da ban so jin ta ba. Na durƙusa a inda nake. Na ce a fasa tafiyar, na ce zan je wurin ɗan kwangilar da kaina, na ce akwai wasu ayyukan. Ya ce an ba yaron mutane aiki, ba za a ƙwace ba don tsoho ya yi wauta, kuma ya riga ya ba ƴan'uwansa magana. Na san shi, na san an gama.

Sai ya miƙe ya nufi zauren, ya ce ba tare da ya juyo ba, a buɗe abin nan. Na buɗe. Ya zauna a kujerata, ya ja ta baya daidai inda nake tarar da ita, ya sa tabarau. Na matsa zan fita in ba shi wuri, ya ɗaga hannu alamar in tsaya. Na tsaya a bayan mahaifina ina kallon yatsansa guda, mai tabon ƙuna da baƙin mai da ya ƙi fita, yana bin maɓallan a hankali, bai nemi ko ɗaya ba, duk ya san gidajensu. Ya rubuta: ashe na iya.

Ya daɗe yana kallon layin. Aka kira salla a masallacin unguwa. Ya kai yatsa can sama ta hannun dama ya fara gogewa, harafi ɗaya bayan ɗaya, bai ko duba inda maɓallin gogewar yake ba. Duk cikinsu shi ya fi dannawa.